Mai Sayen Manhaja Daban, Mai Fama da Ita Daban

Na taɓa zama kusan awa guda a gefen wata ma'aikaciya da aikinta shi ne shigar da takardun biyan kuɗi a kwamfuta, ina jiran ta zo kan tawa. Da yake ba ni da abin yi, sai na zuba wa hannunta ido. Kowace takarda ta ɗauko, za ta rubuta sunan kamfanin da ya kawo kaya, sannan ta tsallaka wani shafi ta kwafo lambarsa, domin shafin farko ba ya nemo lambar da kansa, ta dawo ta liƙa. Ta rubuta kwanan wata, manhajar ta ƙi karɓa saboda ta fara da rana maimakon shekara. Ta goge ta sake. Ta danna wurin adanawa, allon ya yi tsit na wasu daƙiƙoƙi, ita kuwa ta ɗauki wayarta ta leƙa ta ajiye. A gefen allon akwai wata 'yar takarda da ta manna, ɗauke da lambobi shida da aka rubuta da biro. Na ce, "Malama, waɗannan fa?" Ta ce lambobin sassan ofis ne, in ba ta rubuta su a nan ba sai ta buɗe shafi uku kafin ta kai gare su. Ko a muryarta babu ƙorafi. Ta saba, har ta daina ganin abin a matsayin matsala.

Matar nan gwana ce, yatsunta ba sa tsayawa. Amma a idona, kaso mai yawa na motsin da take yi hidimar manhajar ne, aikin da aka ɗauke ta dominsa yana biyo baya. Kuma na san idan wata ya ƙare takardu suka taru a teburinta, ba wanda zai ce manhaja ce ta jawo. Za a ce ita ce mai nawa.

Mu yi ɗan lissafi, na misali kawai. A ce kowace takarda tana cin daƙiƙa 20 fiye da yadda ya kamata saboda irin wannan kai da komowa, kuma ma'aikaci yana shigar da takarda 150 a rana. Daƙiƙa 3,000 ke nan, wato minti 50 kullum. Idan ma'aikata 50 ne ke wannan aiki, an yi asarar fiye da awa 41 a rana guda, kwatankwacin aikin mutum biyar da suka zo da safe suka tashi da yamma. Kamfanin da aka ce masa mutum biyar na karɓar albashi ba sa zuwa aiki, a ranar zai kafa kwamitin bincike. Amma da yake asarar nan a warwatse take, daƙiƙa ashirin nan, ashirin can, babu layin da take fitowa a littafin akanta, sai ta shekara goma ba wanda ya tanka.

Dalilin da ya sa manhajojin wurin aiki suka fi na wayarmu wahalar sarrafawa ba boyayye ba ne. Manhajar da mutum ya sauke a wayarsa, in ta ba shi wahala minti biyu, gogewa zai yi ya nemi wata, kuma masu ita sun san haka. Manhajar ofis kuwa, wanda ya zaɓe ta daban, wanda ya sa hannu a kan kuɗin daban, wanda zai wuni da ita daban. Shugaban sashen kuɗi farashi yake dubawa. Sashen kwamfuta tsaro yake dubawa, da ko za ta jitu da sauran na'urorin da ake da su. Manaja yana son rahoto mai zane-zane da zai kai taro. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma mai sayarwa ya san su wa zai gamsar, shi ya sa yake zuwa da doguwar takardar abubuwan da manhajarsa ke iya yi. Wanda zai danna maɓalli ɗaya sau ɗari biyu a rana ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara, kuma ba shi da ikon cewa ba ya yi.

Abin da ya faru da Avon, kamfanin kayan kwalliya, ya nuna wannan ƙarara. Kamfanin ya kashe shekaru yana gina sabon tsarin karɓar odar kaya, aka fara gwada shi a Kanada. Masu tallar kayan Avon ba ma'aikatan albashi ba ne, mutane ne masu cin gashin kansu. Da tsarin ya yi musu wuya, da yawansu suka bar sana'ar. A ƙarshen 2013 kamfanin ya dakatar da shirin, da asarar da ta haura dala miliyan 100. An ga matsalar nan da nan ne saboda masu amfani da manhajar suna da ƙofar fita. Ma'aikacin albashi ba shi da wannan ƙofa, sai ya haƙura ya manna takarda a gefen allo, shugabanni kuma su ɗauka shirunsa alamar komai lafiya ne.

Idan ana maganar sauƙin sarrafa manhaja, mutane da yawa launi da kyan zane suke hangowa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241-11, wadda ta fara fitowa a 1998, abu uku ta auna: shin mutum ya iya kammala abin da ya sa gaba daidai, nawa ya kashe na lokaci da ƙoƙari kafin ya kammala, kuma yaya ya ji da aikin. Ta kuma ɗaure duka ukun da wani mutum takamaimai, mai wani aiki takamaimai, a wani yanayi takamaimai. Saboda haka babu manhajar da za a ce tana da sauƙi haka kawai. Sai an ce ga wa, kuma a wane aiki.

Hanya ta farko da tsari mara kyau ke cin aiki ita ce jira. Tun 1968 wani mai bincike, Robert Miller, ya yi nazarin wannan, daga baya Jakob Nielsen, masanin sauƙin sarrafa manhaja, ya yaɗa shi da iyakoki uku. Idan kwamfuta ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum ji yake kamar hannunsa ne ya yi abin kai tsaye. Zuwa daƙiƙa ɗaya, ya lura da jinkirin amma zaren tunaninsa bai tsinke ba. Da an kai daƙiƙa goma, hankali ya tafi wani wuri. A 1982 Walter Doherty da abokin aikinsa a kamfanin IBM suka nuna cewa idan amsa ta sauko ƙasa da rabin daƙiƙa, aikin da mutum ke fitarwa yana ƙaruwa fiye da ɗan lokacin da aka rage. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa yin aiki mai maimaituwa. Mutum yana riƙe da matakai uku ko huɗu na gaba a kansa, jira kuma yana zubar da su. Wayar da matar can ta ɗauka ba lalaci ba ne, allon ne ya sake ta, kuma kafin ta dawo da hankalinta kan takardar an ƙara wasu daƙiƙoƙin da babu agogon da ya ƙirga.

Ta biyu ita ce ɗora wa ƙwaƙwalwa kayan da na'ura ya kamata ta ɗauka. Abin da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. Duk lambar da aka tilasta masa ya haddace daga wannan shafi zuwa wancan, duk gajartaccen suna da sai ya tuna ma'anarsa, wuri suke ci a inda ya kamata hukuncinsa ya zauna. Akawun da ke fama da tuna lambar sashe, shi ne wanda ba zai lura cewa kuɗin da ke kan takardar ya ninka na watan jiya ba. Wannan asarar ta fi ta lokaci tsada, domin don ya lura da irin wannan ne aka zaunar da mutum a wurin. Abin ya ƙara muni da yawaitar manhajoji. Wani nazari da mujallar Harvard Business Review ta buga a 2022 ya bi ma'aikata 137 a manyan kamfanoni uku, ya tarar suna tsallake daga wata manhaja ko shafi zuwa wani kusan sau 1,200 a rana, kuma sake daidaita hankali bayan tsallaken yana cin kusan awa huɗu a mako.

Ta uku ita ce kuskure, kuma a nan nake son in daɗe, domin a nan ne aka fi zaluntar ma'aikaci.

A watan Agustan 2020, bankin Citibank ya yi niyyar tura kuɗin ruwa kimanin dala miliyan 7.8 a madadin Revlon, kamfanin kayan kwalliya, ga masu bin kamfanin bashi. Sai ya tura musu kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. Yadda manhajar da suke amfani da ita, Flexcube, take a lokacin, hanyar yin irin wannan biya ita ce a shigar da shi kamar za a biya bashin gaba ɗaya, sannan a karkatar da uwar kuɗin zuwa wani asusun cikin gida don kada ta fita. Karkatarwar tana buƙatar a cike gurabe uku. Ma'aikacin ya cike guda ɗaya, wanda sunansa ya yi daidai da uwar kuɗin, abin da kowane mai hankali zai zata ya wadatar. Mutum na biyu ya duba ya amince, na uku ma haka. Har gargaɗi ya fito a allo cewa kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba, su kuwa dama sun san kuɗin ruwa za su fita, sai suka wuce. Wasu daga cikin waɗanda aka tura wa suka ƙi mayar da kusan dala miliyan 500, kotun farko a 2021 ta ba su gaskiya, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin.

An kira abin kuskuren ɗan Adam, kuma haka ne a zahiri. Amma idan mutum uku, kowa yana ƙoƙarin yin daidai, suka kalli allo ɗaya suka yi masa fahimta ɗaya wadda ba daidai ba, to a binciki allon. Da gargaɗin ya rubuta adadin kuɗin da za su fita, da wuya mutum uku su ga dala miliyan 900 su danna amincewa. Layi ɗaya ne na rubutu. Irin wannan yana faruwa kullum a ƙananan ofisoshi da ƙananan kuɗi, kuma maganin da aka saba bayarwa shi ne takardar jan kunne, ko ƙarin horo, ko a ƙara mutum na huɗu mai sa hannu. Ƙarin mai sa hannu ƙarin jinkiri ne, ramin kuma yana nan inda yake yana jiran na gaba.

Gargaɗi ma yana da nasa ciwon. Manhajar da ke tsayar da mutum da tambayar "ka tabbata?" a kowane mataki tana koya masa ya danna "e" ba tare da ya karanta ba. A asibitoci an daɗe da sanin haka: nazarce-nazarce sun nuna likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magani da kwamfuta ke fitarwa, saboda mafi yawansu ba su shafi majinyacin da ke gabansu ba. Ranar da gargaɗin gaske ya zo, hannu ya riga ya saba.

Da yake an taɓo asibiti, can ne aka fi auna wannan matsala da kyau. A wani nazari da aka buga a 2016, an bi likitoci 57 a Amurka ana ƙirga yadda suke kashe lokacinsu. Duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yana yin kusan awa biyu a kan manhajar bayanan marasa lafiya da aikin tebur, wasu kuma su ƙara awa ɗaya ko biyu da dare a gida. Akwai wani ma'auni mai tambayoyi goma da John Brooke ya ƙirƙira a 1986, wanda ke ba manhaja maki daga sifili zuwa ɗari, kuma matsakaicin makin da ake samu 68 ne. Da aka ba likitocin Amurka su auna manhajojinsu, a binciken da mujallar Mayo Clinic Proceedings ta buga a 2020, maki 45.9 suka bayar. Binciken ya kuma tarar cewa likitocin da suka fi shan wahalar manhajarsu sun fi nuna alamun gajiyar da ke sa mutum ya ƙosa da aikinsa. Ba duka laifin masu tsara manhajar ba ne, domin dokoki da kamfanonin inshora ne suka buƙaci da yawa daga cikin bayanan. Sai dai gajiyar ta gaske ce, kuma mutumin da ya gaji ba ya fitar da aiki mai kyau, wani lokaci ma ajiye aikin yake yi ya tafi da ƙwarewar shekaru.

Akwai kuma abin da ma'aikata ke yi idan manhaja ta ishe su: su buɗe hanyar bayan gida. Wannan yana da nasa jadawalin Excel da yake aikin gaske a ciki, sai ranar Juma'a ya kwashe ya zuba a manhajar kamfani. Wancan idan gurbi ya ƙi barinsa ya wuce sai ya sa ɗigo ko ya zaɓi abin da ya zo farko a jerin. Daga nan rahoton da manaja ke alfahari da shi ya zama ginin da aka ɗora a kan bayanan da aka cike don a samu a wuce. An sayi manhajar ne don shugabanni su ga gaskiyar abin da ke gudana, wahalarta kuma ta sa gaskiyar ta koma cikin fayilolin da ba wanda ya san da su.

To amma kada a ɗauka maganin shi ne a sauƙaƙa komai har ya zama kamar wasan yara. A nan masu tsara manhaja da yawa ke yin tuntuɓe. Sauƙin koyo da saurin aiki abubuwa biyu ne, kuma sukan yi karo. Allon da ke bin mutum mataki-mataki, tambaya ɗaya a kowane shafi, alheri ne ga wanda zai nemi hutu sau biyu a shekara. Ga wanda zai yi aikin sau ɗari biyu a rana azaba ce. Ƙwararren mai yanka tikitin jirgin sama da ke rubuta gajerun umarni a baƙin allo, ba hoto ba launi, yakan gama kafin mai linzamin kwamfuta ya gano inda zai danna. Baƙo zai ga allon ya tsorata, mai shi kuwa ko kallon yatsunsa ba ya yi. Idan aka zo da sabon tsari mai faɗin fili da manyan maɓallai aka kashe gajerun hanyoyin da ya haddace, an gyara wa mai kallo an ɓata wa mai aiki. Lokacin da Microsoft ya sauya fasalin Office a 2007, ƙwararrun da hannunsu ya san inda komai yake su ne suka fi kuka, domin sabon da suka tara na shekaru ya tashi a banza, sai da suka sake koyo.

Larry Tesler, wanda ya yi aiki a Xerox da Apple, yana da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi kowace bayyana lamarin: kowane aiki yana da wani nauyi da ba ya raguwa, abin tambaya kawai shi ne wa zai ɗauka, mai gina manhaja ko mai amfani da ita. Kwanan watan da manhajar can ta ƙi karɓa misali ne. Injiniya zai iya kashe yini ɗaya ya koya mata gane rubutun kwanan wata iri-iri, ko kuma dubban ma'aikata su riƙa gogewa suna sakewa har shekara goma. Ɓoye nauyin a bayan allo mai sheƙi kuwa bai rage shi ba. A watan Agustan 2017 jirgin ruwan yaƙin Amurka, John S. McCain, ya yi karo da wani jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojojin ruwa goma suka rasu. Masu bincike sun ambaci ƙarancin horo da gajiya, sun kuma ambaci allon taɓawa da ake tuƙi da sarrafa gudu da shi, wanda ya rikita matuƙa har ba su san a hannun wa iko yake ba. A 2019 rundunar sojojin ruwan Amurka ta sanar da cewa za ta mayar da abin sarrafa gudu na hannu a irin waɗannan jirage.

Wani abin da ya kamata a faɗa don adalci shi ne, sau da yawa manhaja madubi ce kawai. Fom mai gurabe arba'in bai faɗo daga sama ba. Sashen shari'a ya nemi biyar, masu binciken kuɗi suka nemi bakwai, wani manaja da ya bar aiki tuntuni ya nemi uku da har yau ba mai karanta su. Kowa ya ƙara nasa, ba wanda aka ɗora wa alhakin ragewa. Mai tsara allo komai gwanintarsa ba zai iya gyara aikin da tun asali a cukurkuɗe yake ba, iyakarsa ya jera cukurkuɗin da kyau. Masanin tattalin arziki Robert Solow ya yi wata magana a 1987, cewa ana ganin zamanin kwamfuta a ko'ina ban da cikin alƙaluman yawan aikin da ake fitarwa. Bayanin da masana da dama suka bayar daga baya shi ne ribar na'ura ba ta bayyana sai an sake tsara aikin kansa. Kafin a tambayi yadda za a ƙawata gurbi, a fara tambayar wa ke karanta abin da ake rubutawa a ciki.

Gano inda matsalar take ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma wannan ne ya fi ba ni takaici. Nielsen ya daɗe yana cewa kallon mutum biyar suna amfani da manhaja ya isa ya tono mafi yawan matsalolinta. Kallo ake nufi, a zauna a gefe a yi shiru. Tambaya ba ta wadatarwa, domin wanda ya saba da wahala zai ce maka ba komai, kamar matar can da ko a muryarta babu ƙorafi. Takardun da aka manna a gefen allo, da jadawalin da kowa ya ɓoye, da sunan mutum ɗayan nan da duk ofis ke kira idan abu ya cije, duk sun riga sun nuna inda za a duba.

Lokacin saye kuwa, nunin da mai sayarwa ke yi ba ya gaya wa kowa komai, domin ya zaɓi hanyar da ba ta da gargada kuma ya maimaita ta sau ɗari. A kawo waɗanda za su yi aikin, sabon ɗauka ɗaya da tsohon hannu ɗaya aƙalla, a ba su takardu ashirin na gaske daga aikin makon jiya, a riƙe agogo. A tabbata cikin takardun akwai masu matsala: wadda aka rubuta sunan kamfani ba daidai ba, wadda aka biya rabi, wadda sai an soke an sake. A ƙirga minti, a ƙirga kuskure, a ƙirga sau nawa suka ɗago kai suna neman taimako, sannan a ajiye waɗannan alƙaluma a takarda ɗaya da farashin kafin kowa ya sa hannu.